Asara da Bashi: Wanne Ke Riƙe Alƙalamin Odita?

Duk wanda ya taɓa zama a bencin wani kemis a Zandam ko Sara a Jigawa bayan la'asar ya san littafin nan mai baƙin bango da ake turawa ƙarƙashin kanta. Na bashi ne. Magidanci zai shigo da yaro a kafaɗa, jikinsa zafi zau, a haɗa masa maganin zazzaɓin cizon sauro, sannan ya sassauta murya ya ce, "Malam, a rubuta mini, in Allah ya kai mu kaka na sayar da riɗi zan kawo." Mai kemis ba shi da bakin cewa a'a. Mai atamfa yana iya mayar da turminsa kan kanta har sai an kawo kuɗi. Mai magani in ya yi haka, gobe a wurin jana'iza za a riƙa nuna shi da baki. To, ka tari wannan bawan Allah a ƙarshen shekara ka tambaye shi, riba ka ci ko faɗuwa ka yi? Zai buɗe littafin, ya duba, ya rufe, ya ce maka sai an ga abin da ya dawo.

Wannan amsa tasa ita ce amsar da manyan kamfanonin magani da asibitoci suke ba oditocinsu, sai dai su da Turanci da kwamfuta suke ba da ita, kuma su akwai mai tsaye a kansu da agogo. Kamfanin da ke Kasuwar Hannayen Jari ta Najeriya, wadda yanzu ake kira NGX, kwana 90 gare shi daga ƙarshen shekarar cinikinsa ya miƙa lissafin da odita ya bincika ya sa wa hannu. Yawancinsu ranar 31 ga Disamba suke rufe littafi, ke nan ƙarshen Maris ne wa'adi. A rukunin lafiya na kasuwar an saba ganin sunaye irin su Fidson, May & Baker, Neimeth, Morison, da Ekocorp mai asibitin Eko a Legas, sai MeCure da ya shigo a 2023. Maganin wasunsu yana nan jere a kantocin Gwaram da Birnin Kudu. Wanda ya makara tara ce, in abin ya yi tsawo a dakatar da cinikin hannun jarinsa. Kuma muddin odita bai sa hannu ba, ba taron shekara, ba rabon riba, mai hannun jari sai ya zuba ido.

Masana lissafi sun jima suna lissafa abubuwan da ke ja wa wannan aiki lokaci: girman kamfani, girman ofishin oditan da ya ɗauka, yawan rassa, watan da ya zaɓa ya rufe littafi. Wasu biyu nake son in ɗora a sikeli, domin su ne suka shafi aljihu kai tsaye, wato asara da bashi.

Asara ce ta fi suna. Tun 1982 wasu malaman lissafi biyu, Dan Givoly da Dan Palmon, suka nuna cewa kamfanoni sukan yi jinkiri da rahoton da ke ɗauke da mummunan labari. Bahaushe bai buƙaci jami'a ta gaya masa wannan ba. Albishir da gudu ake kai shi saboda akwai goro. Labarin rasuwa kuwa sai an nemi dattijo, an yi shawarar wanda zai faɗa da yadda zai faɗa. Manajan da ya ci riba tun Janairu zai fara damun odita da waya. Wanda ya faɗi shi odita zai riƙa nema, yau an ce yana Abuja, gobe an ce akanta ba shi da lafiya.

Ba kunya kaɗai ba ce, in za a yi adalci. Asara tana ƙara wa odita aiki na gaske. Dole ya tambayi kansa ko kamfanin zai kai baɗi yana numfashi, kuma ba a amsa wannan da fatar baki: sai ya ga kasafin wata 12 masu zuwa, ya ga ko banki zai ci gaba da haƙuri, ya sake duba ko injunan da aka rubuta da tsada har yanzu sun kai kuɗinsu. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa a fili ba. Kamfanin da ya faɗi sau da yawa bai gama biyan oditan kuɗin aikin bara ba, ƙa'idar sana'ar kuwa tana kallon irin wannan ragowa a matsayin abin da zai iya karkatar da hukuncinsa. Sai ka ga aiki ya tsaya ba don wata lamba ta rikice ba.

Duk da haka ina ganin an ba asara girman da ya fi ƙarfinta. Asara lamba ce da ke zaune a cikin gida. Shekarar 2023 ta isa misali. Ranar 14 ga Yuni Babban Bankin Najeriya ya saki naira, dala da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta ƙare shekarar a wajen 900, kafin watanni kaɗan ta haura 1,400. Masu haɗa magani a ƙasar nan daga Indiya da Sin suke sayo yawancin sinadaran da suke aiki da su, da dala. A ce wani kamfani akwai dala miliyan 1 ta mai kawo masa kaya a kansa. A farkon shekara naira miliyan 460 ce, a ƙarshenta ta koma miliyan 900. Asarar miliyan 440 ke nan ba tare da an fasa ko kwalba ɗaya ba. Ciwon babba ne, kuma a cikin wannan guguwa ce kamfanin GlaxoSmithKline ya sanar a watan Agusta cewa zai naɗe tabarmarsa ya bar wa dillalai rarraba kayansa. Amma lissafin fa? Yaro ɗan sakandare zai yi shi kafin shayi ya huce. Farashin dala na ranar 31 ga Disamba a rubuce yake, ba wanda za a jira. Manaja yana iya jan ƙafa mako biyu ko uku, amma rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Maris na zuwa zai fito da abinsa.

Bashi ba haka yake ba, domin rabin gaskiyarsa tana hannun wani. Ina nufin bashin da kamfani ke bin mutane. Odita ba ya karɓar maganar mai littafi. In ka rubuta cewa kana bin wane naira miliyan 50, sai ya aika wa wanen takarda ya ce ya tabbatar. Daga nan agogo ya fita daga hannun kamfani da odita baki ɗaya. Su wa kamfanin magani ke bi? Manyan dillalan Idumota a Legas, da na Anacha, da na Kano waɗanda aka taso daga Sabon Gari zuwa Dangwauro a 2024, sai asibitoci da ma'aikatun gwamnati. Alhajin da ke sarin kaya da tirela yana da nasa littafin, kuma da wuya ya yi daidai da na kamfani. Shi ya cire katan 30 da ya ce ya mayar saboda wa'adinsu ya kusa ƙarewa, ya cire ragin da wakilin kamfani ya yi masa alkawari da baki, ya kuma ce ya tura wani kuɗi ta asusun yaronsa. Kowane ɗaya sai an bi sawunsa da rasit. Takardar da aka aika wa ma'aikata kuwa, in ta sami amsa kafin Maris an yi sa'a.

A asibiti abin ya fi haka cukurkuɗewa, saboda mai shan magani daban, mai biya daban. Inshorar lafiya ta ƙasa ta fara aiki a 2005, dokar 2022 kuma ta mayar da ita hukumar NHIA ta kuma wajabta ta a kan kowa. Jigawa ma tana da tata hukumar, JICHMA. Biya iri biyu ne a tsarin. Akwai kuɗin da ake ba asibiti a kan kowane mutum da aka yi wa rajista, ya zo ko bai zo ba, wannan lissafinsa mai sauƙi ne. Akwai kuma na manyan ayyuka irin su tiyata da kwanciya, wanda sai an yi aikin sannan a tura takardar neman biya, ta bi ta hannun kamfanonin tsakiya da ake kira HMO ko ta hannun hukumar. A can za a tace ta. A ce ba a nemi izini kafin tiyata ba, ko maganin da aka rubuta ba ya cikin jeri, ko an wuce farashin da aka yarda. A ce asibiti ya rubuta 100 a littafinsa, mai tacewa ya amince da 70, ya biya 40, ya ce saura sai wani watan. Yanzu nawa odita zai yarda ana bin sa, 60 ko 30? Aikin da aka yi wa mara lafiya a Disamba kuwa, mai yiwuwa a Maris ɗin ma ba a kai ga buɗe takardarsa ba. Ƙorafin masu asibitoci a kan kuɗinsu da ke maƙale a hannun HMO ba sabon labari ba ne a jaridun ƙasar nan.

Mutumin Zandam da ciwo ya fi ƙarfin asibitin kusa, Gwaram zai nufa, in ya ci tura a wuce Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Irin wannan cibiya ba kamfani ba ce, ba ta da masu hannun jari, kuma NGX ba ta san da ita ba. Amma duk asibitin da ke karɓar ma'aikata masu inshora, yana kuma karɓar waɗanda aka kwaso daga haɗarin mota ba ɗan'uwa ba kuɗi, yana da irin wancan littafi mai baƙin bango, nasa ma ya fi kauri. Agogon gwamnati kuma wani iri ne. Sashe na 85 na tsarin mulkin 1999 ya ba Babban Odita na Tarayya kwana 90 ya kai rahotonsa Majalisa, amma ƙirgen yana farawa ne daga ranar da Babban Akanta ya miƙa masa lissafi. Sashen ya kuma ce hukumomin gwamnati masu cin gashin kansu ba shi zai bincike su da hannunsa ba, jerin oditoci zai ba su su zaɓa, daga baya ya yi sharhi a kan abin da aka samu. Wa'adi ne da bakinsa ɗaya ke ɗaure, ɗayan a sake.

In aka sauko ƙasa sosai, sai a tarar da asusun magani mai juyawa. Asalinsa taron ministocin lafiya na Afirka a Bamako a 1987, tare da WHO da UNICEF: a ba ƙaramin asibiti jarin magani, ya sayar da ɗan ƙari kaɗan, ya sake sayo wani, kada a ƙara cewa "babu" a taga. A Jigawa an kafa hukumar JIMSO domin ta riƙa sarin magani tana rarraba wa asibitoci. Tsari ne mai kyau, kuma bashi ne babban maƙiyinsa. An kawo mai naƙuda da tsakar dare tana zubar da jini, ma'aikaciya ta buɗe kabad ta ɗauko ruwa da allura, miji ya ce da safe. Wa zai ce ta yi laifi? Amma in safiyar ba ta zo ba, littafi zai ci gaba da cewa jari na nan cif, kabad kuwa yana faɗin wani abu daban. Wanda aka turo bincike sai ya zauna ya rarrabe: wannan bashi ne, wannan an yafe wa mara ƙarfi, wannan wa'adinsa ya ƙare an zubar, wannan kuma ba wanda ya san inda ya shiga. Kashi na ƙarshen shi ne ake nema, amma ba a isa gare shi sai an gama da ukun farko. Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, shi ma kuɗi yake turawa asusun ƙananan asibitocin mazaɓu, kuma ana son a ga lissafin abin da aka kashe. A nan jinkirin takarda yana iya zama jinkirin magani.

Akwai wani gefen bashi da ke ja ta wata fuskar, kuma bai kamata in ɓoye shi don hujjata ta yi kyau ba. Bashin da banki ke bin kamfani sau da yawa gaggawa yake sa shi. Banki yakan sa sharaɗin a kawo masa lissafin da aka bincika a kan kari, kuma a lokacin da kuɗin ruwan Babban Banki ya kai kashi 27.5 a ƙarshen 2024, ba manajan da ke son ya ɓata wa mai ba shi rance rai. Tabbatar da irin wannan bashi ma ba wuya, banki yana da ma'aikatan amsa takardar odita. Haɗarinsa yana wurin wanda ba a rubuta ba. NMC Health, babban kamfanin asibitoci na Abu Dhabi da ke cikin manyan kamfanoni 100 na kasuwar Landan, ya durƙushe a Afrilun 2020 bayan an gano bashin sama da dala biliyan 4 da bai taɓa bayyana a littafinsa ba. Shekara da shekaru rahotonsa na fitowa da sa hannun odita. Saboda haka in na ga rahoto ya fito da wuri ba na saurin yin tafi.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne inda asara da bashi suke haɗuwa, domin a nan ne kwanaki suke zubewa. Tun 2018 ƙa'idar lissafi da ake kira IFRS 9 ta ce kada kamfani ya jira sai bashi ya mutu murus kafin ya amsa. Ya ƙiyasta tun yanzu nawa ne ba zai dawo ba, ya cire daga riba. Ɗalibin da ya karanta babin zakka a zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba. Malaman Malikiyya sun ce ɗan kasuwa mai juya kaya kullum, in shekara ta zagayo, ya yi wa hajarsa kuɗi, ya haɗa da bashin da yake sa ran za a biya, wanda ya yanke ƙauna da shi kuwa ya bar shi sai ranar da ya shigo hannu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu take. Bambancin shi ne mai zakka shi da Ubangijinsa ne, shi ya san bashin da ya cire wa rai. Manaja kuwa yana da dalilin da zai sa ya rantse cewa kowane kwabo zai dawo. Muddin an bar kuɗin a layin bashi, dukiya ce a takarda. Ranar da aka amsa cewa ba zai dawo ba, ya zama asara, wataƙila ma ya mayar da ribar shekarar faɗuwa. Odita ya ce bashin wannan ma'aikata ya shekara uku, a cire rabinsa. Manaja ya ce gwamnati ba ta mutuwa, za ta biya. Kowannensu yana da gaskiya, kuma ana iya kwashe makonni ana wannan ja-in-ja, har a kai gaban kwamitin binciken kuɗi, wanda dokar kamfanoni ta 2020 ta ce ya ƙunshi masu hannun jari uku da daraktoci biyu. Da yawa daga cikin jinkirin da ake ɗora wa asara, in ka ɗaga rigarsa, bashi ne ake gardamar sunan da za a kira shi.

Shi ya sa a sikelina bashi ya rinjaya, musamman a harkar lafiya inda ba a iya korar mai saye. Ga kuma wani abu da ke sa odita kansa ba ya ƙin jira. Hujja mafi ƙarfi cewa bashin Disamba mai rai ne ita ce a ga kuɗin ya shigo banki a Janairu ko Fabrairu. Kowane mako da ya ƙara, wasu sunaye suna fita daga jerin shakka da kansu, ba takarda ba gardama. Wanda ya sa hannu ranar 20 ga Janairu ƙiyasi ya sa wa hannu. Wanda ya kai 25 ga Maris ya ga abu da idonsa. Kamfanonin da suke tserewa wannan tarko su ne masu daidaita littafi da dillalansu wata-wata, suna kuma kiran odita tun Oktoba ya fara rage aiki. Wannan kuwa yana son akantoci da yawa da kuɗin biyan su, abin da ƙaramin asibitin kuɗi a Dutse ko Birnin Kudu ba lalle ya iya ba. Dokar 2020 ɗin ta ma sauke wa ƙananan kamfanoni nauyin ɗaukar odita, kuma cinikin da bai wuce naira miliyan 120 a shekara ba yana cikin sharuɗɗan zama ƙarami. Da yawansu sai ranar da suka je neman rance ko kwangila suke tuna ana wani abu wai shi bincike.

Ta wani ɓangaren mai kemis ɗin Zandam ya fi su duka sa'a, saboda bashinsa yana da kaka. Riɗi na shiga kasuwar Sara, gyaɗa da gero na bin baya, sai ka ga ana leƙowa ɗaya bayan ɗaya, ana ciro kuɗi daga aljihun gaba. "Malam, duba min nawa ne." Ya lashi yatsa ya buɗe shafi, ya ja layi a kan suna. Kafin sanyi ya wuce ya san matsayinsa fiye da yadda wani babban asibiti zai sani a Yuni. Sunayen da suka rage sai ya kwafe su a sabon littafi: wanda ya tafi cirani bai dawo ba, wanda ambaliya ta cinye wa gona, malamin makarantar da ke jiran ƙarshen wata. Akwai kuma sunan wani dattijo da ya rasu tun damina, maganin da aka karɓar masa ma bai shanye ba. 'Ya'yansa ba su zo ba, shi kuma bai aika ba. Ya riƙe biro a kan sunan na ɗan lokaci, sannan ya kwafe shi tare da sauran.